Yadda za ka ci maki da kalmar JAM a Scrabble, da ma'anoninta

A Scrabble, wasan haɗa kalmomi da 'ya'ya masu haruffa a kan allo, idan ka zura hannu a jaka ka ciro J, kar ranka ya ɓaci. Sababbin 'yan wasa da yawa da sun ga J ko Q sai su fara neman yadda za su rabu da shi, alhali J guda ɗaya ne tak a cikin 'ya'ya 100 na Scrabble kuma makinsa 8 ne. Kalmar da na fi so a fara koya wa mutum da ita ita ce JAM, saboda gajera ce, kowa ya taɓa jin ta, kuma tana da dangi da yawa.

Fara da lissafin. J 8, A 1, M 3, jimla 12 kenan idan ka ajiye ta a gidajen da ba su da kala. Amma ai ba a ajiye J a fili haka kawai. Idan kai ne ka buɗe wasa, tauraron tsakiya yana ninka kalma sau biyu, ka samu 24. Idan J ya hau gidan shuɗi mai duhu, wanda ke ninka harafi sau uku, 24 ne shi kaɗai, da A da M ya zama 28. Idan kuma kalmar ta taɓa jan gida, irin guda takwas ɗin nan da ke bakin allo, duka ake ninkawa sau uku, 36. Masu buga Words With Friends a waya su lura lissafinsu daban ne, can J 10 ne M kuma 4, wato 15, kar ku kawo wannan lissafin kan allo ku ja rigima.

To ma'anar fa? A nan nake son a tsaya, don akwai masu cewa Scrabble ba ruwansa da ma'ana, hadda ce kawai, ni kam ban yarda ba, domin ma'anar ce ke gaya maka irin wutsiyar da kalma za ta karɓa. JAM na farko shi ne abin shafawa a burodi, 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har ya yi kauri. Na biyu cunkoson motoci, gosulo ɗin nan da ke riƙe mutum a Legas ko hanyar Nyanya da yamma. Na uku aiki ne, abu ya maƙale ko a cusa shi da ƙarfi, kamar yadda takarda ke maƙalewa a firinta a shagon fotokwafi mai shago ya buɗe murfi yana jan ta a hankali kar ta yage, ko ƙofa ta cije ta ƙi buɗuwa. Ana kuma faɗar ta idan an toshe siginar rediyo da gangan, sannan makaɗa suna amfani da ita idan sun haɗu suna kiɗa ba tare da shiri ba. A Turancin buroka na Najeriya kuma idan aka ce mota ta yi jam ɗin mutum, buge shi ta yi.

Ga amfanin sanin wannan. Tunda suna ce, tana karɓar S, JAMS, 13. Tunda kuma aikatau ce, akwai JAMMED mai 18 da JAMMING mai 19, kuma ka lura M ɗin ninkuwa yake, wanda ya rubuta da M ɗaya za a ƙalubalance shi a cire masa kalmar ya yi asarar zagayensa. M biyu ne kawai a jaka, don haka sai ka riƙe duka biyun, ko ɗaya ya kasance a kan allo, ko ka yi amfani da ɗan da ba shi da rubutu, wanda ke zama kowane harafi amma makinsa sifili ne. JAMMING haruffa bakwai ne cif, idan ka zuba su duka daga hannunka a lokaci ɗaya akwai ƙarin 50, ya zama 69 tun kafin a duba kalar gidaje.

Wanda ya fi daɗi a wurina shi ne B. Idan abokin wasanka ya ajiye JAM kana da B, liƙa shi a ƙarshe, JAMB, maki 15. Nan take wani zai ce ai wannan sunan hukumar jarrabawar shiga jami'a ne, wadda aka kafa a 1978, kuma sunayen hukumomi da gajerce-gajerce ba sa shiga wasa. Gaskiyarsa ne game da ƙa'idar, amma jamb kalma ce mai zaman kanta a Turanci, tana nufin katako ko ƙarfen da ke tsaye a gefen ƙofa ko taga, wanda ake ɗaura ƙyaure a jikinsa, kuma ba a furta B ɗin. Ka ce a buɗe ƙamus kawai. Daga nan ma ba ta ƙare ba, JAMBS na nan, JAMBO ma na nan a ƙamus ɗin Collins, gaisuwar nan ta mutanen Gabashin Afirka.

Maganar ƙamus, ku yanke wanda za ku bi kafin a ɗebi 'ya'ya. A Najeriya da yawancin duniya Collins ake bi a gasa, Amurka da Kanada suna da nasu jerin, kuma akwai kalmomin da ke cikin wancan babu su a wannan. Misali JA tana cikin Collins, wato za ka iya ƙara mata M, haka in AM na kan allo ka sa mata J a gaba.

Sai babbar dabarar, wato J ya ci sau biyu. A ce RADIO na kwance a allo, kuma gidan da ke saman O ɗin ƙarshe shuɗi mai duhu ne. Sa J a wurin, ka miƙa A da M zuwa dama inda ƙarƙashinsu fili ne. A kwance ka yi JAM, 28, a tsaye kuma ka yi JO, wadda kalma ce karɓaɓɓiya daga Turancin Sikotland mai nufin masoyi, 25. Jimla 53 da 'ya'ya uku kacal, ya fi abin da wasu ke samu da doguwar kalma. Sai dai ka tuna kalar gida sau ɗaya take aiki, a zagayen da aka rufe ta, wanda ya zo daga baya ya ƙara B ba zai sake ninka J ba.

Irin wannan lissafin ne ya kai 'yan Najeriya inda suke a wasan nan. Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ya doke Lewis Mackay na Ingila 4 da nema a wasan ƙarshe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin, kuma an san 'yan wasanmu da son gajerun kalmomi masu rufe hanya. Ina jin takaici idan na ga yaranmu suna tsoron wasan wai Turancinsu bai kai ba, alhali da kalmomi masu haruffa biyu da uku ake fara gini.

Abu ɗaya da za ka kiyaye, kar ka riƙe J kana jiran gidan ninki har jaka ta ƙare. Idan wani ya riga ka zubar da 'ya'yansa, za a cire maka 8 a ƙara masa. Da ka ga 'ya'yan jaka sun yi ƙasa, nemi A ko O da ke sake a allo ka sauke shi ko da 9 ne kawai za ka samu.