Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta zamanin alloli da jarumai a ƙagaggen labari

Duk marubucin da ya ƙago wa labarinsa duniya tata ta daban yakan so ya yi mata tushe da wani zamani can baya, lokacin da alloli ke yawo a doron ƙasa, jarumai na kokawa da dodanni. A nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe, kuma kuskuren farko shi ne ba wa allolin nan iko marar iyaka. Wanda ba abin da ya gagare shi ba ya da labari, don mai karatu zai tambaya me ya hana shi gama rigimar tun a shafi na biyu. Gyaran shi ne ka rubuta abu uku a ƙarƙashin sunan kowanne: abin da yake mulka, abin da ya fi ƙarfinsa, da abin da yake asara duk lokacin da ya yi amfani da ikonsa. Dubi tatsuniyar mutanen arewacin Turai. Allahiya Firig ta bi kowane abu a duniya ta sa shi ya rantse ba zai cutar da ɗanta Baldar ba, amma ta raina kauci ta tsallake shi, kuma da reshen kaucin aka kashe shi. Wannan 'yar kafar ce ta haifi labarin gaba ɗaya. Ka fara da alloli biyar zuwa bakwai. Idan suka haura haka, kai da kanka za ka manta wa ke gaba da wa.

Sai masu buɗe littafi da shafi goma na salsala, wane ya haifi wane. Ba mai riƙe sunaye talatin kafin ya san wanda zai so. Kada sunayen zamanin da su wuce uku a babin farko. Sauran ka warwatsa su cikin rayuwar mutane: a rantsuwar mahauci, a tsinuwar tsohuwa, a sunan kogi, a kangon da makiyaya ke ratsewa idan magariba ta yi. Haka abin yake a zahiri. Har yau sunan ranar Alhamis a Turanci daga sunan Tor, allan tsawa na mutanen arewacin Turai, ya samo asali, kuma mai faɗin sa ba ya ko tunawa.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne ba da ruwaya guda ɗaya tak, kowa a duniyar ya yarda da ita. Tatsuniyar gaske ba ta zuwa haka. Girkawa kansu ruwaya biyu gare su kan haihuwar Afrodayit, allahiyar soyayya: wasu suka ce daga kumfar teku ta fito, wasu suka ce 'yar Zus ce, sarkin allolinsu. Don haka kowane babban al'amari ka rubuta shi sau biyu, ɗaya a bakin waɗanda suka ci yaƙi, ɗaya a bakin waɗanda aka ci. Jarumin wannan gari ya zama ɓarawon shanu a garin da ke ƙetaren kogi. Ainihin abin da ya faru kuwa ka ajiye shi a littafinka na gefe, ba dole mai karatu ya taɓa ganin sa ba.

Lissafin shekaru ma yana ba da mutane. Idan ka ce shekara 3,000 ke nan da rufewar zamanin, to harshe ya sauya, itace da fata sun ruɓe, takobin baƙin ƙarfe da aka binne a ƙasa mai laima tsatsa ta cinye shi. Dutse, tukwane, tagulla da zinariya ne za su saura. Idan kana son jarumarka ta karanta wasiƙar kakanni ba tafinta, rage tazarar zuwa shekara 300. Cikin zamanin kansa kuwa ƙari halal ne. Jerin sarakunan Suma na tsohuwar Iraƙi ya ba sarakuna takwas shekara 241,200 kafin ruwan ɗufana, sannan shekarun mulki suka riƙa raguwa har suka dawo irin na mutane. Wannan raguwar ita ke nuna wa mai karatu cewa duniya ta ƙanƙance.

Dole kuma ka san abin da ya rufe zamanin. Allolin sun mutu ne, an ɗaure su, ko fushi suka yi suka juya baya? Zaɓi ɗaya, ka faɗi wanda ya jawo, sannan ka toshe hanyar dawowarsu, in ba haka ba duk wuyar da jarumin yanzu ya shiga za a jira su zo ceto.

Jarumin zamanin da shi ma kada ya ci riba kullum. Gilgamesh, sarkin birnin Uruk a tatsuniyar tsohuwar Iraƙi, kashi biyu cikin ukunsa na alloli ne, duk da haka abokinsa Enkidu ya mutu, kuma tsiron maido da ƙuruciya da ya nutse ƙarƙashin ruwa ya samo, maciji ya sace shi yana cikin wanka. Kafin ka jera nasarorin naka jarumin, rubuta abu ɗaya da ya nema har ya mutu bai samu ba, sannan ka duba ko zuriyarsa har yanzu tana biyan bashin.