Yadda Za a Isar da Shawarwarin Kiwo ga Matan Karkarar Sakkwato ta Saƙon Waya

A mafi yawan ƙauyukan jihar Sakkwato, daga Gwadabawa zuwa Tambuwal, shanu da raƙuma suna hannun maza, amma awaki da tumaki da kaji da zabbi na mata ne. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna tun zamanin fataken Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, galibi a turken mace take kwana. Da ita ake sayen magani idan yaro ya kwanta, da ita ake haɗa kayan ɗakin amarya. Sai dai malamin dabbobi yawanci namiji ne, iyakarsa zaure ko ƙofar gidan maigari, saboda haka bayanin da ya kawo yakan tsaya a kunnen maigida, wanda ba shi ne ke ba dabbar dusa ba. Waya kuwa tana shiga har tsakar gida, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙungiya ko ma'aikacin da ke son taimakon masu kiwo ya kamata ya koyi aiki da ita yadda ya dace.

Kafin a rubuta ko da kalma ɗaya, sai a fara sanin a hannun wa wayar take. Mata da yawa ba su da tasu, sun dogara da ta miji, ko ta ɗa, ko ta maƙwabciya, kuma wadda take da tata ma sau da yawa ƙaramar waya ce mai maɓallai da ba ta hawa intanet. A je garin da ƙafa, a fara gaisawa da maigari da liman, sannan ma'aikaciya mace ta shiga gidaje ta rubuta sunan mai kiwo, lambar da za a same ta, mai lambar, irin dabbobin da take kiwo, da harshen da ta fi ji, domin ban da Hausa akwai masu Fillanci da Zabarmanci a jihar. A nemi yardar matar da ta mijinta a fili. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi a sami amincewar mutum kafin a yi amfani da bayanansa, kuma ko ba don doka ba, baƙuwar lamba da ke aiko wa matar aure saƙo ba da sanin mijinta ba tana iya jawo rigimar da za ta rufe wa aikin ƙofa a garin baki ɗaya. Yawan dabbobin da kowace mace ta mallaka kuwa, kada ya fita daga littafin ma'aikaciya, kuma kada ya taɓa shiga saƙo, musamman a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, inda satar dabbobi ta zama ruwan dare.

Abu na biyu shi ne zaɓen irin saƙon. A ganina murya ta fi rubutu a nan nesa ba kusa ba, domin mace da ta sauke Alƙur'ani kuma tana karanta ajami ba lalle ba ne ta karanta boko, alhali kowa yana jin magana. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya, mace ce za ta yi shi, da Sakkwatanci irin na cikin gida, ba da Hausar karanta labarai ba. Ta fara da sallama, ta ce “iyayenmu mata” ko “Inna da Gwaggo”, ta faɗi sunan ƙungiyar, sannan ta shiga magana kai tsaye. Masu babbar waya za a tura musu ta WhatsApp, amma a tuna cewa jerin aikawa na bai-ɗaya ba ya ɗaukar fiye da lambobi 256, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar mai aikawa a wayarsa ba. Masu ƙaramar waya kuwa, ana iya kiransu a kunna musu, ko a kai muryar wurin mai cajin waya na garin, wanda dama shi ke tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, ya sa wa duk wanda ya kawo caji.

Rubutaccen saƙo yana da nasa amfanin, domin yana zama a waya har ɗan makaranta ya dawo ya karanta wa uwarsa, amma yana da wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan da haruffan boko na yau da kullum aka rubuta shi, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar tana faɗowa zuwa 70, sai saƙon ya rabu biyu ko uku, kuɗin ya ninka, kuma wasu ƙananan wayoyi su nuna akwatuna a gurbin haruffan. Saboda haka a rubuta ba lanƙwasa, a guji kalmar da ma'anarta za ta rikice idan aka cire mata ita. Ga misalin da bai kai iyakar haruffa 160 ba: “Salam. Ranar Talata da hantsi malamin dabbobi zai yi wa awaki da tumaki rigakafi a kofar gidan maigari. A turke su tun asuba. Daga kungiyar mata.” A kuma lura cewa wanda ya rufe layinsa daga saƙonnin talla ta lambar 2442 ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa yana iya rasa saƙon da aka aika ta kamfanonin aikawa da yawa, don haka a gwada da lambobi kaɗan na MTN da Airtel da Glo kafin a saki ga kowa.

Inda aikin yake da nauyi shi ne abin da saƙon zai ƙunsa. Ƙa'idar ita ce saƙo ɗaya, aiki ɗaya, wanda matar za ta iya yi a makon da ta ji shi, da abin da ke hannunta ko wanda ake samu a kasuwar kusa. Saƙon da ya ce a kula da lafiyar dabbobi bai ce komai ba. Wanda ya ce akuyar da aka sayo daga Achida ko Illela a turke ta ita kaɗai na mako uku kafin a haɗa ta da na gida, ya ba ta abin yi, kuma yana iya hana annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR shiga turkenta. Wannan cuta tana farawa da zazzaɓi, majina da kwantsa, sai gyambo a baki, tari da zawo mai wari, tana kuma iya share garke cikin kwanaki. Ba ta da magani, amma allurar rigakafinta, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa, tana kare dabba na aƙalla shekara uku, kuma hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin lokacin kawar da ita, kamar yadda aka bayyana kawar da bushiyar shanu a 2011.

Sai a jera saƙonnin bisa tafiyar shekara, domin shawara mai kyau da ta zo a makare ba ta da bambanci da wadda ba ta zo ba. Daf da damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, maganar ita ce maganin tsutsar ciki, da ɗaga wurin kwanan dabbobi daga danshi, da yi musu rumfa, tunda lokaci ne da ake turke su don kada su shiga gonaki, kuma turke mai laka shi ke kawo ciwon kofato da zawo. Garuruwan fadama na bakin gulbin Rima da kewayen madatsar Goronyo suna buƙatar saƙo na musamman kan ciwon hanta, wanda dabba ke ɗauka daga ciyawar wuraren da ruwa ke kwanciya, alamarsa kuma rama ce da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Da kaka sai a tunatar da ɗaure harawar wake da ta gyaɗa tun ganyen bai zube ba, a ajiye a inuwa bisa rumfa, a tara kowa, wato ɓawon wake, da dusa tun suna da araha. Kafin hunturu ya kama, saƙon na kaji ne: annobar nan da ke sa kaza ta sunkuyar da kai, wuyanta ya murɗe, ta yi koren kashi, tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido ana maimaitawa duk bayan wata huɗu, kuma sai an yi shi tun kajin suna lafiya. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, maganar ruwan sha ce da inuwa, da ’ya’yan gawo, da kuma tsince leda daga tsakar gida, domin akuyar da yunwa ta sa ta cin leda takan rame cikinta yana kumbure har ta mutu ba a gane dalili ba. Masu turkar ragon layya a fara yi musu magana wata uku kafin Babbar Salla, a gargaɗe su kada su ɗura wa rago hatsi da yawa lokaci guda, a ƙara masa a hankali. Tunda akuya wata biyar take ɗaukar ciki, saƙon kula da mai ciki da tabbatar da cewa jariri ya sha dakashi a ranar haihuwa ana iya maimaita shi sau biyu a shekara.

Akwai abin da bai kamata a aika ba ko an roƙa, wato sunan allura da adadin da za a yi wa dabbar da ba a gani ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun riga sun cika tebura a kasuwannin ƙauye, ana zuba wa kaji kafso na mutane a ruwan sha, kuma saƙon da ya ambaci suna da awo zai ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi ne kawai. Abin da saƙo zai yi shi ne ya koya alamun haɗari, ya ce a ware marar lafiya, ya ba da lambar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya kuma tunatar cewa nonon dabbar da aka yi wa allura ba a shansa sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, a ce kada a feɗe ta, kada a ci, domin yana iya zama ciwon saifa mai kama mutane. Kowane saƙo likitan dabbobi ya duba shi kafin ya fita, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba, ga na ma'aikatar jiha, ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta.

Saƙo shi kaɗai ba ya gamsar da dattijuwar da ta shekara arba'in tana kiwo, sai ta ji daga bakin wadda ta yarda da ita. Ƙasar nan ta daɗe da sanin wannan hanya, domin Nana Asma'u ’yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar jagororin mata na ƙungiyar ’Yan Taru, waɗanda ake kira jaji, ta riƙa isar da karatu ga matan ƙauyuka, kowace jaji ta karɓa ta koma ta koyar da na garinsu. Haka za a zaɓi mace ɗaya mai mutunci a kowace unguwa, ko shugabar adashi ko malamar Islamiyya, a tabbatar tana da waya da kuɗin caji, ita ce za ta kunna muryar a wurin suna ko bayan darasi, ta tattaro tambayoyi ta mayar.

Saƙo ɗaya a mako ya isa, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, domin a saba da shi. Idan wayar ta maigida ce, bayan magariba ya fi, lokacin da ya dawo gida, kuma a guji ranar kasuwar yankin. A ba mata damar yin filashin a kira su, tunda ba kowa ke da kuɗin kira ba, kuma a mayar da kiran a ranar, domin wadda ta yi filashin akuyarta na kwance ba za ta sake yi ba idan aka yi shiru. A tanadi wata hanyar, kamar sanarwa a Rediyon Rima ko ta bakin mai shela, saboda ranar da sabis zai ɗauke, kamar yadda aka rufe layuka a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2021 saboda tsaro. Bayan kowane wata uku ma'aikaciya ta koma gidaje goma ko ashirin, kada ta tsaya kan tambayar ko saƙo ya iso, ta duba da idonta ko an ɗaga harawa bisa rumfa, ko an ware sabuwar akuya, ko an ɗiga wa kaji rigakafi, sannan duk saƙon da ta tarar ba a yi aiki da shi ba a sake tsara shi bisa dalilin da matan suka faɗa mata.