Yadda Ake Kare Kwamfuta Daga Fayil Mai Shigar Hoto

Fayil yana iya buɗewa a matsayin hoto, ido ya gan shi sarai, alhali an ɓoye manhaja a cikinsa. Masu bincike sun nuna haka a taron Black Hat na 2008 a Amurka, da dabarar da suka kira GIFAR, wato a manna fayil na JAR, wanda ke ɗauke da manhajar da Java ke gudanarwa, a bayan hoton GIF. Mai karanta GIF yana farawa ne daga kan fayil, Java kuwa daga ƙarshe take neman abin da ke cikin JAR, saboda haka shafin intanet ya karɓe shi a matsayin hoto, ita kuma Java da ke liƙe da burauza ta gudanar da shi da izinin wannan shafin, har ta iya kai hannu ga asusun wanda ya shiga. Kamfanin Sun, mai Java a lokacin, ya toshe wannan kafa a ƙarshen 2008, Chrome ya daina karɓar irin waɗannan manhajojin liƙe a 2015, Flash kuma, wata manhajar liƙe ta kunna bidiyo da wasanni, ya kai ƙarshensa a Disamba 2020.

Matsalarmu a Maradi ita ce tsofaffin kwamfutoci, na shagunan buga takardu da na ofisoshi, waɗanda aka sayo na hannu ba a taɓa share su ba. A kan irinsu, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta appwiz.cpl, sannan a cire Java da Flash daga jerin da ya fito, sai fa in akwai aikin da ba ya tafiya sai da Java. Daga nan a buɗe Chrome, a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a goge duk abin da ba a san wanda ya saka shi ba. Kada a raina wannan mataki: a 2016 an yaɗa fayilolin hoto nau'in SVG ta Facebook Messenger, waɗanda ke kai mutum shafin YouTube na bogi, a ce masa sai ya saka wata manhaja kafin ya ga bidiyo.

Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, don haka abin da ya bayyana da sunan atamfa.jpg yana iya zama atamfa.jpg.exe. A shiga saitin babban fayil a bayyana cikakken suna, musamman ga ɗan kasuwar da ake turo wa hotunan kaya daga Kano.

Sabunta burauza ya fi duka muhimmanci, domin a Satumba 2023 an gano ɓaraka a tsarin karanta hotunan WebP, inda buɗe hoton kaɗai ya isa. A rubuta chrome://settings/help a wurin adireshi a bar Chrome ya sabunta, ko da zai ci data. Kwamfutar da ke kan Windows 7 kuwa ta tsaya a Chrome 109, don haka kada a buɗe asusun banki ko imel na aiki a kanta.