Yadda Ake Ratsa Dajin Ostireliya a Kan Keke

Duk wanda zai hau keke ya shiga tsakiyar Ostireliya, wannan faƙon da suke kira Outback, to ya fara lissafin ruwa tun kafin ya fara lissafin kilomita. Ɗauki hanyar Eyre misali, wadda ta ratsa filin Nullarbor daga Norseman zuwa Ceduna, wajen kilomita 1,200 ce kuma ba wani garin kirki a tsakani sai 'yan gidajen mai masu abinci da ɗakin kwana. Daga Norseman zuwa na farko wato Balladonia kusan kilomita 190 ne, kwana biyu kenan ga mai kaya, in iska ta fuskance ka ma har uku.

To ka zauna da taswira ka rubuta tazarar kowane zango, ka ware lita 6 zuwa 8 a rana na sha da girki, sannan ka ƙara na kwana ɗaya saboda tsaro. Eh nauyi ne, kowace lita kilo guda ce, amma gara ƙafa ta gaji da maƙogwaro ya bushe. Kar ka zuba shi duka a jarka ɗaya, rarraba shi gida uku ko huɗu ka ɗaure ƙasa-ƙasa a gefen kariyar keken, in ɗaya ta huje kana da saura. Kuma kar ka dogara da tankin bakin hanya don ka gan shi a taswira, sau da yawa ka buɗe famfon ba ko ɗigo, ruwan rijiyoyin can kuma wani na da gishiri.

Lokaci ma abin dubawa ne. Disamba zuwa Fabrairu bazara ce a can, zafi na wuce digiri 40, don Allah kar ka gwada. Mayu zuwa Satumba ya fi, sai dai dare akwai sanyi mai ratsa ƙashi, ka tafi da bargo mai kyau.

Sai manyan tirelolin nan masu jan bodi uku, wasu sun haura mita 50. Sa madubi a keken, da ka hango tirela ka sauka gefen titi gaba ɗaya ka tsaya, iskar da take tahowa da ita kaɗai ta isa ta jefar da kai. A hagu ake tuƙi, hular kwano kuma dole ce a doka.

Kayan gyara kam tub biyu, faci, famfo, ɗan guntun sarƙa, da taya mai kauri saboda tsidau yana nan birjik duk inda ka gangara kafa tanti. Ka sayi ragar rufe fuska, ƙudajen can har cikin ido da hanci suke shiga.

Abin da na fi so ka riƙe, sabis na waya yankewa yake na tsawon tafiya, don haka ka nemi ƙaramar na'urar neman agaji ta tauraron ɗan adam da ake kira PLB, ka yi mata rajista da AMSA, hukumar Ostireliya mai kula da tsaron teku da aikin ceto, ka rataye ta a jikinka ba cikin jaka ba. Ka kuma faɗa wa wani ranar da kake sa ran isa zango na gaba, da ka isa ka kira shi.