Gwajin Antifosfolifid: Daga Ɗaukar Jini Zuwa Karanta Sakamako

Matashi ya samu gudan jini a jijiyar ƙafa ko shanyewar ɓarin jiki ba gaira ba dalili, ko mace ta yi ɓari uku a jere kafin mako 10, ko ɗa ya mutu a ciki bayan mako 10, ko jijjiga ta sa an haihu kafin mako 34. Waɗannan su ne ake yi wa gwajin antifosfolifid, domin wataƙila garkuwar jikinsu ce ta juyo kansu tana haddasa daskarewar jini.

Abu uku ake nema tare a cikin jini, duk sinadarai ne da garkuwar jiki ke samarwa: lupus anticoagulant, anticardiolipin da anti-beta-2 glycoprotein I. Biyun ƙarshe da sauƙi. Na farkon ne mai wuyar sha'ani, kuma galibi tun wajen ɗaukar jini ake ɓata shi.

A ɗebi jinin a kwalba mai shuɗin murfi, mai sinadarin sitiret (mai hana jini daskarewa) kashi 3.2 cikin ɗari, a cika ta daidai layi: kashi 9 jini, kashi 1 sinadari. In ba ta cika ba, sinadarin zai yi yawa ya tsawaita lokacin daskarewa a banza. Cikin awa 4 a juya jinin a injin raba jini sau biyu, minti 15 kowane zagaye, a kwashe ruwan jinin da ya taso sama a hankali. Idan ƙwayoyin filatilet (masu taimaka wa jini daskarewa) suka saura aka sa ruwan a firiza, za su fashe su saki fosfolifid (wani nau'in kitse da ke jikinsu), ya haɗiye abin da ake nema, sakamako ya fito ba komai alhali akwai.

Ana amfani da hanya biyu na auna lokacin da ruwan jinin ke ɗauka kafin ya daskare, aPTT da dRVVT; na biyun da dafin wani macijin Asiya ake yin sa. In lokacin ya yi tsawo, a gauraya ruwan jinin da na masu lafiya rabi da rabi. Bai gyaru ba? A ƙara fosfolifid mai yawa. Idan nan ne lokacin ya ragu, an sami lupus anticoagulant.

A tambayi maganin da mutum yake sha. Magungunan hana daskarewar jini irin su warfarin, heparin da rivaroxaban duk suna rikita wannan gwaji, kuma kada a dakatar da su sai da umarnin likita. Zazzaɓin cizon sauro da tunjere kan ɗaga anticardiolipin na ɗan lokaci, shi ya sa gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Sai an maimaita bayan aƙalla mako 12. Wanda duka ukun suka fito masa sau biyu, haɗarinsa ya fi na kowa.