Yadda Ake Gina Wasan Jera Lambobi 15 Don Koyon Python

Allon wasan gida 16 ne, layi huɗu huɗu, da ƙwayoyi 15 da gurbi ɗaya. Ana tura ƙwayar da ke kusa da gurbin har lambobin su jeru daga 1 zuwa 15. Ƙaramin aiki ne a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, amma kafin ka gama shi hannunka ya faɗa kan jeri da sharaɗi da maimaita umarni.

Ka ajiye allon a jeri guda mai abu 16, sifili ya tsaya a matsayin gurbi. Idan i ita ce lambar gida a jerin, daga 0 zuwa 15, divmod(i, 4) zai ba ka layi da ginshiƙin wannan gida. Musanya ƙwaya da gurbi kuwa layi ɗaya ne: a[i], a[j] = a[j], a[i]. Ka bar zane tukuna. Ka fara buga allon da print, Tkinter, kayan zane na Python, ya biyo baya idan ƙa'idojin sun zauna daram.

Gefen allo ne ke fara kayar da mutane. Idan gurbi na layin sama ka cire 4 daga lambar gidansa don matsar da shi sama, lambar za ta faɗi ƙasa da sifili, Python kuma ba zai yi ƙorafi ba, sai ya ƙirgo daga ƙarshen jeri, ka ga ƙwaya ta tsallako daga ƙasa. Haka cire 1 a ginshiƙin farko zai kai ka ƙarshen layin da ke sama. Don haka a duba layi da ginshiƙi kafin kowane motsi.

Babban tarkon shi ne cakuɗawa. Kada ka yi amfani da random.shuffle kai tsaye. Tun 1879 masana lissafi Johnson da Story suka nuna cewa rabin jeruwar da ake iya samu ba ta warwaruwa; musanya 14 da 15 kaɗai ya isa ya hana a ci wasan ko da za a shekara ana turawa. Mafita mai sauƙi ita ce ka fara daga allon da ya jeru, kwamfuta ta yi halastattun motsi kamar 300 barkatai, ka kuma hana ta komawa gidan da gurbi ya baro yanzu, in ba haka ba kai-kawo kawai za ta yi.

Wajen adana tsohon allo don komawa baya, b = a ba ya kwafin komai, suna biyu ne kan jeri ɗaya. Ka rubuta a.copy().

Gwaji kuma a fara shi da allon uku uku, domin a can duk jeruwar da ke warwaruwa ba ta buƙatar motsi fiye da 31.