Yadda ake duba muƙalar ɗalibi a kan littafin labarin zane

Mafi yawan ɗalibai kan ɗauki littafin labarin zane, wato littafin da ake ba da labari a cikinsa da jerin zane-zane da 'yan kalmomi, tamkar ƙagaggen labari na zube. Sai su kwashe abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, su ambaci jigo, su rufe. Zanen kuwa, wanda shi ne rabin aikin, ko kallo bai samu ba. Aikin malami a nan shi ne ya mayar da ɗalibin kan shafi.

Karatun farko a yi shi babu jan biro a hannu, don a gane inda ɗalibin ya dosa. A karatu na biyu, a sa alama a gefen takarda duk inda ya taɓo zane: girman akwati (layin da ya kewaye kowane zane a shafi), fuskar ɗan wasa, duhu da haske, inda aka ajiye magana. Idan muƙala mai shafi uku ba ta samu alama uku ba, to an gano babban gyaran, sauran duk cikon benci ne.

Kada a rubuta "faɗaɗa bayani" ko "babu zurfi". Ɗalibi ba zai san abin da zai yi da su ba. A yi masa tambayar da dole sai ya buɗe littafin kafin ya amsa. A shafin farko na Persepolis, littafin labarin zane na Marjane Satrapi, akwai hoton 'yan aji sanye da lulluɓi a Iran ta 1980, ita mai ba da labarin kuma tana can gefe, bakin akwatin ya yanke ta. Idan ɗalibi ya ce lulluɓin ya sa yaran sun zama iri ɗaya, a tambaye shi: "Me ya sa aka yanke ta daga hoton? Dubi idanun sauran, da gaske iri ɗaya ne?" Haka ma Maus na Art Spiegelman, wanda ya samu lambar yabo ta Pulitzer a 1992. Kowa zai rubuta cewa a littafin an zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, mutanen Poland aladu. Wannan a fili yake ga duk wanda ya buɗe littafin. Abin tambaya shi ne inda ɓera ya ɗaura fuskar alade don ya ɓuya, me hakan ya nuna game da wannan raba mutane zuwa nau'o'in dabbobi?

Wurin da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne ratar da ke tsakanin akwati da akwati. A nan mai karatu ke cike abin da ba a zana ba, ko daƙiƙa ɗaya ce ta wuce ko shekara goma. A zaɓo akwatuna biyu daga waɗanda ɗalibin ya kawo, a ce ya faɗi abin da aka ɓoye a tsakaninsu. A kuma lura ko yana bambance muryar mai ba da labari da maganar da ke fitowa daga bakin 'yan wasa, domin sau da yawa manya ne ke tuna baya a rubutun saman akwati, yara na magana a ƙasa cikin zanen.

Kafa hujja sai da shafi da akwati, misali "sh. 3, akwati na 2". Ana ƙirga daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, in ban da manga, wato labarin zane na Japan, da ake farawa daga dama.

Manyan gyare-gyare kada su wuce uku. Takardar da ta sha jan biro ko'ina, maki kawai ake dubawa a cusa ta a jaka. Kurakuran ƙa'idojin rubutu a gyara su a sakin layi ɗaya, a bar masa ya bi sauran da kansa. A ƙasan takardar a rubuta layi huɗu ko biyar: jimlar da ta fi ƙarfi a muƙalar da dalilin ƙarfinta, sannan aikin da zai yi. A ba shi mako guda ya sake rubuta sakin layi ɗaya tak a kan akwati ɗaya, kuma a riƙe makin ƙarshe sai ya dawo da shi.